Mazubin ruwan sukari na tsuntsaye daga Amurka: yadda ya kaya a tsakar gidana a Kano

Guda biyu ne a kwali ɗaya 'yata ta aiko min daga Houston. Na farko kwalba ce da ake kifawa a kan jan gindi na roba mai ƙananan ramuka huɗu, kowane rami an zagaye shi da furen roba rawaya. Na biyu faranti ne mai jan murfi, ramukansa a sama suke, akwai ƙugiya a tsakiya da siririn baki a kewaye inda tsuntsu zai dafe. Aikinsu ɗaya ne: a zuba ruwan sukari a rataye, tsuntsaye masu shan ruwan fure su zo su sha. Tun ƙarshen damina suke rataye a gidana a Tarauni, yanzu ga hunturu ya kankama, don haka ina da bakin magana. A taƙaice, farantin ya yi, kwalbar ba ta yi ba, kuma duka biyun ba domin tsuntsayenmu aka ƙera su ba.

An ƙera su ne domin haminbad, ɗan mitsitsin tsuntsun nan da babu shi a ko'ina a duniya sai nahiyar Amurka, daga Alaska har ƙarshen kudancin Ajantina. Irinsa ya haura 300. Wanda ke bi ta Teksas da yawa a lokacin kaka shi ne mai jan maƙogwaro, nauyinsa kamar giram 3, wato bai kai dunƙulen magi ɗaya ba. Yana kaɗa fuka-fuki kusan sau 50 a daƙiƙa guda, yana tsayawa cak a iska, yana ma tashi da baya. A gabashin Amurka da kudancin Kanada yake hayayyafa, idan sanyi ya doso sai ya nufi Meksiko da Amurka ta Tsakiya, mazan su ne ke fara yin gaba. Wasunsu suna bin gaɓa, wasu kuma su ratsa Tekun Meksiko kai tsaye, tafiyar kusan kilomita 800 ba wurin sauka. Kafin wannan tsallaken sai tsuntsun ya tara kitse har nauyinsa ya kusa ninkawa. Dalili ke nan da ya sa a watan Satumba mutanen can suke cika bayan gidajensu da irin wannan mazubi. A garin Rockport da ke gaɓar Teksas har biki ake yi duk shekara saboda wucewarsu.

Ta waya 'yata ta nuna min nata mazubin a bayan gida, tsuntsaye suna ta faɗa a kansa, ɗaya ya kori ɗaya. Na ce mata wannan abu ya burge ni. Sai ta ce, "Abba, ai kai ma kana da masu shan fure a gida, bari in aiko maka ka gwada." Na ce, "To Allah ya yi albarka, amma namu ba irin naku ba ne."

Namu shi ne sha-kauci. Duk wanda ke da zogale ko gwanda a gida ya san shi, ko da bai taɓa tsayawa ya dube shi da kyau ba: ƙarami, baki siriri mai lanƙwasa, namijin a lokacin damina kore ne mai sheƙi, da ja a ƙirji, rawaya ta gefe da gefe, ga kuma dogayen gashin wutsiya biyu. Macen ba ta da wannan ado. Shi da haminbad ba dangi ba ne ko kaɗan, abinci ɗaya ne ya sa suka yi kama. Kuma a nan gizo ke saƙar, domin sha-kauci yana iya tsayawa a iska na ɗan lokaci, amma ba haka yake son ci ba. Ya fi son ya dafe a reshe ya zura baki. Kwalbar da aka aiko ba ta da madafa ko ɗaya, tunda wanda aka yi ta dominsa ba ya buƙata. Na sha ganin namijin ya zo ya yi fir-fir a gabanta, ya taɓa furen robar, ya koma kan zogale abinsa. Jikana ne ya ɗaura mata tsinken tsintsiyar kwakwa da waya a ƙarƙashin ramukan, sannan aka fara samun mai zama.

Ko da aka gyara wannan, sauran matsalar ta fi ƙarfin tsinke. Kwalbar da aka kifa tana riƙe ruwa ne da iskar da ke maƙale a samanta. Da rana ta take, iskar nan sai ta buɗe ta turo ruwan waje. A Kano kuwa watan Oktoba ba wasa ba ne, ruwan sama ya ɗauke, sanyi bai iso ba. Kafin azahar za ka ga ruwan sukari yana ɗiga a siminti, kafin la'asar kiyashi sun yi layi daga gindin katanga, ƙudan zuma sun rufe furannin nan rawaya. Hajiya ta ce min ita ba ta ga tsuntsu ba, ƙwari kawai na gayyato mata tsakar gida, kuma gaskiyarta. Wanke ta ma aiki ne. Wuyanta ƙarami, soso ba ya shiga, baƙin dattin da ke fitowa a lungunan gindin sai da tsohon buroshin haƙori.

Farantin kuwa wanda ya zana shi ya yi tunani. Ruwan a ƙasa yake, ramukan a sama, saboda haka babu abin da zai turo shi, ko iska ta kaɗa shi ba ya zuba. Tazarar da ke tsakanin murfi da ruwan ta fi ƙarfin harshen ƙudan zuma, sai su zagaya su gaji su tafi, shi kuwa sha-kauci bakinsa da harshensa suna kaiwa, muddin ba a bar ruwan ya yi ƙasa sosai ba. A tsakiya, inda ƙugiyar take, akwai wani ɗan kwarmi da ake cikawa da ruwa zalla. Kiyashin da ya biyo igiya daga sama nan yake tsayawa. Wannan dabara ta yi aiki sosai, sai dai da iskar hunturu ta fara, ruwan kwarmin yana ƙafewa kafin yamma, dole a riƙa ƙarawa. Murfin yana buɗuwa gaba ɗaya, wanki bai fi na kofin shayi wahala ba. Aibinsa biyu ne. Bakin da aka yi na dafewa ya matse da ramukan, domin an auna shi ne da tsuntsun da bai kai namu girma ba, sai ka ga sha-kauci ya takure yana karkata wuya. Sannan tunda ramukan suna kallon sama, ƙurar hunturu tana shiga kai tsaye. Na mayar da shi ƙarƙashin rumfa, abin ya yi sauƙi.

Haɗin ruwan ba shi da wuya, kuma takardar da ke cikin kwalin ta faɗi daidai: awo ɗaya na farin sukari, awo huɗu na ruwa. Ni da gwangwanin madara nake aunawa, in tafasa, in bari ya huce, ragowar in sa a firji. Kada a sa zuma, tana saurin lalacewa ta haifar da cuta a bakin tsuntsu. Kada a sa kala, jan murfin ya isa ya jawo hankalinsu. Inda takardar ba ta dace da mu ba shi ne tsawon kwanakin da ruwan zai yi. A zafinmu idan ya kwana biyu ya fara tsami, ya yi gajimare-gajimare, wanda kuwa ya bar shi haka cutar da tsuntsun yake yi, gara ma bai rataya ba. Ga sukari ba arha ba, ko a kasuwar Singa ka saya. Shi ya sa nake zuba kaɗan, abin da za su iya shanyewa.

Wani maƙwabcina da ya ga abin ya tambaye ni ko tsuntsayen Amurkan za su zo idan sanyi ya kore su. Ba za su zo ba, hanyarsu ba ta biyo ta nan ba. Mu ma muna da tamu ƙaurar a daidai wannan lokaci, sai dai ba ta bi ta kan ruwan sukari. Shamuwa da ta zo da damina tana barinmu ta yi kudu idan ruwa ya ɗauke. Tsuntsayen Turai kuma suna tsallako Sahara su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, wuraren Baturiya da Dagona, agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu da masu cin ƙwari. Waɗannan ba abin da za su yi da faranti na. Wanda yake son ganin baƙi na gaske a kaka, motar Haɗeja zai shiga. Abin da mazubin nan yake ba ka shi ne ɗan gida, wanda dama yana nan, ya matso kusa har ka ga yadda launinsa ke sauyawa idan ya juya a rana. Na ma lura cewa da rani ya shigo namijin ya rage ado, ƙirjin ya koɗe, da na ɗauka wani tsuntsu ne daban da ba don wutsiyar ba.

Kuma in za a faɗi gaskiya, zogalen da ke kusurwar gidan ya fi duka biyun kasuwa. Duk safiyar da ya yi fure, a kansa suke wuni, farantin sai dai a leƙo shi a wuce. A can suna samun ruwan fure, suna kuma samun ƙananan ƙwari da gizo-gizo, waɗanda su ne abincin da suke ciyar da 'ya'yansu da shi, abin da sukari ba zai taɓa bayarwa ba. Har tumfafiyar da ta fito a kangon bayanmu, wadda kowa ke cewa a sare, tana da masu ziyararta. Amfanin farantin yana fitowa ne a tsakanin fure da fure, lokacin da gari ya bushe.

Shin a kashe dala a sayo? Kwalbar, a'a, ko kyauta ce ka yi tunani. Farantin, idan akwai mai zuwa daga waje ya riƙo maka, karɓi, ka nemi mai faɗin madafa. Idan babu, ƙaramar roba mai jan murfi daga Ƙofar Wambai, a huda murfin da ƙusa mai zafi, a ɗaura tsinke a gefe, za ta yi kusan wannan aikin. A rataye a inuwa, nesa da katangar da kyanwa ke bi, kuma kusa da wata bishiya da za su fake. Nawa zai ci gaba da zama a rumfa har ƙarshen sanyi. Da zafin Maris da Afrilu ya shigo, lokacin da ruwan ba zai kai yamma bai lalace ba, zan sauke shi in bar musu kaskon ruwan sha a gindin zogale.