Shekara Guda Ina Amfani da Mastodon Daga Makka: Abin da Na Samu da Abin da Na Rasa

A goman ƙarshe na azumin bara ne, lokacin da titin Ibrahim Khalil ke cika maƙil har mutum ba ya ganin ƙafarsa, na buɗe waya bayan sallar asuba na tarar an rufe shafin shagon da nake aiki, a ɗaya daga cikin manyan dandalin sada zumunta. Babu gargaɗi, babu bayani, sai layi biyu na Turanci wai mun saɓa ƙa'ida. Wace ƙa'ida? Dabino muke tallatawa, da jallabiya, da turaren wuta, sai awon kayan alhazai zuwa Kano da Yamai. Shekara shida ina tara mutanen shafin nan ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu alhazan da suka taɓa zama a kan bencin shagonmu a Misfala suka sha shayi. Na cike fom sau uku, na tura hoton iƙamata, wato katin izinin zamana a Saudiyya, kamar yadda aka nema, ban taɓa jin muryar ɗan Adam ba. Bayan kusan mako uku shafin ya dawo da kansa, yadda ya tafi. Kasuwar azumi kuwa ta riga ta wuce.

Asarar cinikin ta yi mini ciwo, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hoton iƙamar nan. Yana ina yanzu? Wa ya gani? Har yaushe za a ajiye shi? Da na yi wa ɗan yayata wannan ƙorafi, shi da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Ummul Ƙura, sai ya ce, "Kawu, ai haya kake yi a gidan da ba ka taɓa ganin mai shi ba. Kawo wayar in nuna maka wani wuri." A daren ya sa mini Mastodon.

Ga wanda bai san ta ba, manhaja ce da wani matashi mazaunin Jamus, Eugen Rochko, ya fitar a 2016. A ido tana kama da tsohuwar Twitter, amma gininta daban ne. Babu kamfani guda da ke riƙe da kowa. Manhajar kyauta ce, duk mai ilimin abin yana iya ɗauka ya kafa tasa sabar, wato kwamfutar da ke ajiye asusun mutane da rubuce-rubucensu. Akwai dubban irinsu, kowace da mai ita da dokokinta, kamar zauruka a unguwa. Abin da ya haɗa su wata ƙa'ida ce mai suna ActivityPub, wadda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da ita a Janairun 2018. Yaron ya fahimtar da ni da misali guda: "Kawu, kai layin STC gare ka, ni Mobily, Baba Alhaji kuma Zain, amma duk muna kiran juna. Haka nan ma yake." Jama'a da yawa sun kwarara can ne bayan Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022 kan dala biliyan 44.

Rijistar ba ta ci minti biyar ba. Imel, suna, kalmar sirri. Ba a nemi lambar wayata ba, balle hoton wata takarda. Inda mutum zai ɗan tsaya shi ne zaɓen zauren da zai shiga, don sunan zauren yana manne da sunanka kamar adireshin imel. Mun zaɓi wani ƙarami na masu rubutu da Larabci, wanda mutum ɗaya ke gudanarwa da kuɗin aljihunsa da ɗan tallafin mambobi.

Makon farko abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Babu talla ko ɗaya. Babu bidiyon da ke kunna kansa, babu rigimar mutanen da ban sani ba ana cusa mini ita a fuska. Wanda na bi shi nake gani, bi da bi, yadda suka rubuta. In na karanta na ƙare, na ƙare ke nan, sai in ajiye waya. A da nakan zauna tsakanin magariba da isha a harabar Harami da niyyar duba saƙo ɗaya, in ɗago kai in ji ana tayar da iƙama. Yanzu minti goma ya ishe ni, sauran lokacin in buɗe Alƙur'ani. Wannan kaɗai ya sa ban yi nadamar shiga ba. Manyan dandalin nan da talla suke ci, don haka duk daƙiƙar da ka ƙara a ciki kuɗi ce a wurinsu, kuma sai sun san ka ciki da waje kafin tallar ta yi tsada. Inda ba a sayar da talla, babu mai buƙatar sanin ƙarfe nawa kake kwana ko wane asibiti ka bincika.

Akwai ƙananan abubuwa da suka burge ni. Rubutu yana kaiwa haruffa 500, kuma ana iya gyara shi bayan an wallafa. Ana iya bin alamar maudu'i, wato kalmar da ake sa wa # a gaba, kamar yadda ake bin mutum. Mutanen wurin suna da al'adar rubuta bayanin hoto saboda makafi. Wata rana na sa hoton dabinon ajwa a faranti, wani bawan Allah ya roƙe ni cikin ladabi in ƙara bayanin abin da ke ciki, tun daga ranar ban sake mantawa ba. Kuma wurin zaɓen harshen rubutu na tarar da Hausa a jerin, an rubuta sunanta da ajami. Na daɗe ina kallon kalmar nan.

Amma Hausawan fa? Nan ne gizo ke saƙar. Nakan yi kwana uku ina duba alamar Hausa ban ga sabon rubutu ba. Waɗanda na samu ɗalibai ne 'yan ƙalilan da masu aikin kwamfuta, su ma rabin zancensu Turanci ne. Hajiyar da ke sayen atamfa da lalle a wurinmu duk Umara ba ta can. Dillalinmu na Kantin Kwari ba ya can. Babu kiran murya, babu irin zauren iyali da muka saba, inda gwaggo za ta turo saƙon murya na minti bakwai kowa ya saurara. Cikin shekara guda ban sayar da ko kilo ɗaya na dabino ta Mastodon ba. Duk wanda zai shiga don kasuwa, ina gaya masa tun yanzu ya adana ƙarfinsa. Na gwada Bluesky ma, wani dandali mai kama da Twitter, na mako biyu. Ta fi sauƙin shiga, rubutunta haruffa 300, amma matsalar ɗaya ce, mutanena ba sa can.

Sai batun sirri, wanda shi ne ya kai ni tun farko, kuma a nan nake so mai karatu ya nutsu. Ranar da na fara rubuta saƙon keɓe, manhajar da kanta ta fito da gargaɗi cewa saƙonnin ba a kulle suke daga waya zuwa waya ba, kada a tura abu mai muhimmanci. Na tambayi yaron ma'anarsa. Ya ce, "Kawu, mai sabar in ya so zai iya karantawa, haka ma mai sabar wanda ka tura wa." Na yi shiru. A wannan fuska WhatsApp da Signal sun fi ta nesa ba kusa ba, don su saƙonninsu a kulle suke. Haka kuma abin da ka wallafa a fili yana bazuwa zuwa wasu sabobi. In ka goge, ana aika musu umarni su ma su goge, amma babu mai ba ka tabbacin kowa ya bi. Ashe abin da na yi shi ne na ɗauke amanata daga hannun kamfanin da ban sani ba na damƙa ta ga mutum ɗaya da zan iya yi wa magana. Ni dai na fi son hakan, don na rubuta wa mai zaurenmu sau biyu, sau biyun ya amsa da kansa kafin gari ya waye. Amma kada wani ya ce maka wurin ɓoye sirri ne.

Wata huɗu da shigata, mai zauren ya sanar cewa zai rufe, ɗawainiyar ta fi ƙarfinsa. Ya ba mu wa'adin wata uku, kamar yadda alƙawarin da sabobi da yawa ke ɗauka ya tanada. A nan na ga amfanin tsarin da idona. Na buɗe sabon asusu a wani zaure mafi girma, na danna ƙaura, cikin kwana ɗaya mabiyana suka biyo ni ba tare da na roƙi kowa ba. Jerin waɗanda nake bi na sauke shi a fayil na loda a can. Tsofaffin rubuce-rubucena ne ba su biyo ni ba, sai dai na sauke kwafinsu na ajiye. Na tuna azumin da na zauna ina cike fom ina jiran wanda ba ya amsawa. A nan zaure ya rushe ɗungurungum, amma ban rasa mutum ko ɗaya ba.

Duk da haka shekarar nan ta koya mini cewa ƙaura ba ta isa magani ba, tunda uwa da 'ya'ya da abokan ciniki suna inda suke. Kamfanin Meta shi ke da Facebook, ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 kan kusan dala biliyan 19. Ranar 4 ga Oktoban 2021 duka ukun suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida, daga bayan magariba zuwa tsakar dare a agogon Makka. Hanyar zumuncin al'umma guda tana rataye a ƙusa ɗaya. Wanda ba zai iya fita ba, doka ce kaɗai za ta tsaya masa.

Turawa sun riga kowa. Dokarsu ta GDPR ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, shekarar da asirin kamfanin Cambridge Analytica, mai yi wa 'yan siyasa aikin kamfe, ya tonu, inda aka kwashi bayanan mutane har miliyan 87 daga Facebook. Tarar da dokar ta tanada tana kaiwa kashi 4 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani a duniya, kuma a Mayun 2023 hukumar ƙasar Ailan ta ci Meta tarar yuro biliyan 1.2 kan kai bayanan Turawa Amurka. A gida Najeriya an sa hannu kan dokar kare bayanai a Yunin 2023, sannan a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220. Tara tana da amfani, amma dokar da ta fi burge ni ita ce ta kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai, wadda ta wajabta wa WhatsApp buɗe ƙofa ga wasu manhajojin saƙo. Mutanen Turai kaɗai ta shafa. Da irinta za ta iso mana, da na zauna inda raina ya kwanta, gwaggo ta zauna inda ta saba, saƙo kuma ya riƙa isa.

A nan Saudiyya akwai dokar kare bayanan mutum, wadda aka fitar a 2021, aka yi mata gyara a 2023, ta fara aiki ranar 14 ga Satumban 2023, aka ba kamfanoni shekara guda su shirya. Hukumar kula da bayanai ta ƙasar, SDAIA, ke sa ido a kanta. Ta shafi duk mazaunin ƙasar, ɗan ƙasa ko mai iƙama, har da kamfanonin waje da ke sarrafa bayanansa. Kana da haƙƙin sanin dalilin karɓar bayananka, da neman kwafinsu, da gyara su, da neman a goge su. Tara tana kaiwa riyal miliyan 5, wanda kuma ya fallasa bayanai masu tsanani, irin na lafiya, da nufin cutarwa ko cin riba, yana iya shan ɗaurin shekara biyu ko tarar riyal miliyan 3. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu a Misfala da Shara Mansur ba su san suna da wannan haƙƙi ba.

Muna cikin karanta dokar nan da daddare a shago sai yaron ya ce, "Kawu, buɗe hotunan wayarka." Na buɗe. Fasfo ne jere, shafin farko na alhazai da hajiyoyi, da suna da ranar haihuwa da lamba, waɗanda suka turo mini don awon kaya, wasu tun shekara huɗu da suka wuce. Har da na wani dattijo daga Zinder da na san ya rasu. Gabana ya faɗi. Mutanen nan sun ba ni ne don kayansu su isa gida, kayan sun isa tuntuni, ni kuma ina yawo da su a aljihu, wayar da yara ke ɗauka su yi wasa. Abin da nake tuhumar wasu da shi game da iƙamata, ga shi a hannuna. A daren muka goge su duka, daga waya da ma'ajiyar intanet. Washegari na yi wa maigidan shago bayani, ya amince: fasfo yanzu a takarda muke karɓa, a kulle a durowa, in kaya sun isa a yage.

Yanzu ga yadda na raba abubuwana. Shafin shago yana nan inda yake, don nan abokan ciniki suke, amma lambobinsu na rubuta su a littafi da izininsu, kada a sake rufe mini ƙofa in rasa kowa. Zancen iyali da takardu sai ta manhajar da ke kulle saƙo. Mastodon kuwa na bar ta don karatu da hira, kuma ina ba malamai da ɗalibai da marubuta shawarar su gwada ta, da sharaɗin su karanta dokokin zauren kafin su shiga, su duba ko yana da mai kula fiye da ɗaya. Ɗan yayata yana lissafin abin da za a kashe a wata in aka kafa zauren Hausa zalla, ni kuma na ce zan ɗauki wani kaso na kuɗin. Kafin nan, duk wanda ya shiga ya rubuta ko da sallama ce ya sa alamar Hausa. Ina duba ta kullum bayan isha, in mun rufe shago.