Yawon Abidos daga Luksor: jagora ya fita kunya, kamfani ya ci kuɗina

Na biya kuɗin yawon yini guda daga Luksor zuwa Abidos a ƙasar Masar, irin wanda ake haɗawa da haikalin Dandara. Mota ba laifi. Abin da ya kai ni shi ne labarin Osiris, wanda Misirawan dauri suka ɗauka sarkin matattu ne, kuma jagoran da aka ba mu ya san aikinsa.

A haikalin Fir'auna Seti na Ɗaya ya tsayar da mu gaban zanen Osiris, naɗe kamar gawa, kansa da doguwar farar hula mai gashin jimina biyu, hannunsa riƙe da sandar makiyayi da bulala. Ya ce tun asali Abidos ba garinsa ba ne. Wani abin bauta mai siffar dila, Kentiyamentiyu, shi ke tsaron makabartar sarakunan farko. Sunan Osiris bai bayyana a rubuce ba sai zamanin gidan sarauta na 5, wajen shekara 2400 kafin Miladiyya, daga nan ya shiga addu'o'in da aka sassaƙa cikin dalar Fir'auna Unas a Sakkara. Sannu a hankali ya gaje dilan, suna da gari duka. Camfin mutanen da ne, amma bayanin ya shiga kaina har na fara shirya wa kamfanin tauraro biyar.

Sai na tambayi Ummul Ƙa'ab. Can ne kabarin Sarki Jer na gidan sarauta na farko, wanda daga baya Misirawan suka ce kabarin Osiris ne, masu ziyara suka yi ta jibge tukwanen sadaka har ƙasa ta rufe da fasassun tukwane. Baƙi da fari wurin yana cikin takardar yawon da kamfanin ya turo min a WhatsApp.

Direba ya ce, "Ya shehi, wurin a rufe yake, sai da izini."

To me ya sa kuka sa shi a talla? Ginin Osiriyon da ke bayan haikalin ma daga sama muka leƙa, ruwa ya kwanta a ƙasansa ya yi kore, direba na ta danna ham. Amma a shagon kayan tsaraba na wani abokinsa, babu wanda ya duba agogo.

Jagoran zan sake nemansa da kaina. Kamfanin kuwa tauraro biyu, kuma har yau ba su amsa saƙona ba.