Yamaha HS5 da Scarlett 2i2: sharhi ga mai kaɗa fiyano ta kwamfuta

Duk wanda ya haɗa kibod da kwamfuta, ya ɗora manhajar da ke fitar da sautin fiyano irin Pianoteq ko Kontakt, sannan ya saki sautin ta sifikar kallon fim ta falo, ya zubar da rabin wahalarsa. Irin waɗannan sifiku an ƙera su ne don su kumbura bas, shi kuwa fiyano so yake a fito da shi yadda yake. Abin da nake amfani da shi a ƙaramin ɗaki a Samaru shi ne sifikun situdiyo Yamaha HS5 guda biyu da sawunkad Focusrite Scarlett 2i2, wato ƙaramin akwatin da ke kai sauti daga kwamfuta zuwa sifiku.

Kowace HS5 da amfilifayarta a ciki, wat 70: 45 na babban baki mai inci 5, 25 na ƙaramin mai inci 1. Tsakiyar fiyano, inda yawancin kiɗa yake, yana fita tas. Ka taɓa maɓalli a hankali ka ji laushinsa, ka buga da ƙarfi ka ji yadda guduma ta doki tsirkiya. Kuma ba ta rufa wa makaɗi asiri: in ƙafarka ta daɗe a kan feda har sautuka suka cakuɗe, nan take za ka ji. Ga mai koyo, wannan kaɗai ya isa dalilin saye.

Rauninta a sautin ƙasa yake, wato bas. Maɓallin farko na fiyano mai maɓallai 88 yana kan Hz 27.5 (Hz ma'aunin sauti ne, ƙaramar lamba tana nufin sauti mai kauri), ita kuma HS5 iyakarta wajen Hz 54. Ke nan maɓallai 12 na can hagu ba za su zo da cikakken nauyinsu ba. Za ka ji su, za ka gane kowanne, sai dai ƙirji ba zai amsa ba. Mai babban ɗaki ya nemi HS7 da ke sauka zuwa 43, ko HS8 da ke kai 38. A ɗakin ƙafa 12 mai tayil da bangon siminti kuwa ban ba da shawarar HS8 ba, don bas ɗin zai yi ta kai da komo har ya danne komai.

Haɗin ba wuya. Wayar USB daga kibod zuwa kwamfuta, wata daga kwamfuta zuwa sawunkad. Daga ramuka biyu na bayan sawunkad, wayoyi biyu zuwa sifiku, hagu da dama. A nan ake yawan tafka kuskure. A kasuwar Sabon Gari in ka ce a ba ka jak, mai yiwuwa wayar gita za a miƙo maka, wato TS, mai baƙin zobe ɗaya a kai. Wadda kake nema TRS ce, mai zobe biyu, ko TRS a gefe ɗaya, XLR mai ƙafa uku a ɗayan. Mai zobe biyu tana kashe hayaniyar da waya ke kwasowa a hanya, mai zobe ɗaya kuwa kai tsaye take kai ta cikin sifika. Ka duba kan da idonka kafin ka biya. Mita 2 kowace ta wadatar.

In kibod ɗin yana da sifikar kansa, ka rage ta har ƙasa ko ka kashe Local Control, saitin da ke sa kibod ya fitar da sautin kansa, in ba haka ba sauti biyu za su riƙa bin juna. A Windows ka sa direban ASIO na Focusrite, manhajar da ke haɗa kwamfuta da sawunkad. Ka ajiye bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sake shi, a 128 kan kHz 48, jinkirin kusan milisakan 2.7 ke nan. In sautin ya fara tsatsagewa ka ɗaga zuwa 256. Daga 512 yatsu kan fara jin jinkiri. Bluetooth kam a bar maganarsa, jinkirinsa yakan haura milisakan 100.

Sai wuta, wadda ita ce babbar matsalarmu. HS5 ana ƙera ta ne bisa wutar ƙasar da za a kai ta, don haka ta hannu da ta fito daga Amurka ta bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Ka jona ta kai tsaye, ka ƙona ta. Karanta rubutun da ke bayanta tukuna. Sifikar JBL 305P MkII ta fi ta a nan, tana karɓar 100 zuwa 240, sai dai tana da ɗan huci da kunne ke kamawa in kana kusa kuma ɗaki ya yi tsit, abin da ke damun mai kaɗa fiyano a hankali. Sitabilaiza dole ne, musamman in janareta ake tayarwa. Infata kuma sai mai tsabtatacciyar wuta, mai arha takan sa sifika kuka. In ka ji gurnani mara yankewa, zare cajar laftof. Ya ɗauke? To matsalar ta layin ƙasa ce: jona kwamfuta da sifiku duka a soket ɗaya. Wajen kunnawa sifiku ne na ƙarshe, wajen kashewa su ne na farko.

Tazarar da ke tsakanin sifikun biyu ta zama daidai da tazarar kowace zuwa kanka, mita 1 zuwa 1.5, ƙaramin bakin yana daidai kunnenka a zaune. Ramin iskarta a baya yake, saboda haka in ta matsu da bango sai bas ya kumbura. Ka janyo ta, ko ka mayar da makunnin Room Control da ke bayanta, mai rage bas, zuwa -2 ko -4. Ka sa soso mai kauri a ƙarƙashinta don kada tebur ya riƙa rawa, lokacin hunturu kuma ka lulluɓe ta da ƙyalle bayan ta huce.

Ga mai atisaye a ɗaki ko mai ƙaramin situdiyo, na gamsu da HS5. Mai zuwa kiɗan biki ko babban zauren taro kuma ba tasa ba ce. Ta sauraro daga kusa ce, in ka matsa mata ta cika fili za ka kashe ta.