Zirkon, e.max ko mai ƙarfe a ciki: kafin ka bari a fere maka haƙori a Jidda

Ƙanwata ta zo Umara, ƙwallon dabino ya tsaga mata turmin haƙori na ƙasa saura kwana shida jirginsu ya tashi, shi ne fa na shiga yawon mustausaf, wato ƙananan asibitoci, a Jidda ina tambaya, ko ina ka shiga sai a ce maka "talbisa a rana ɗaya da kwamfuta", kai ka ce na'urar ce ke yin aikin ita kaɗai.

Talbisa dai hula ce ta tangaran da ake kifa wa haƙori bayan an fere shi, kusan irin yadda iyayenmu ke sa haƙorin Makka, sai dai wannan fari ne kuma magani ne, ba ado kawai ba. A da sai a cusa maka wata roba mai danƙo a baki a ɗau awo, a aika ma'amal, wato ɗakin da ake ƙera haƙoran, ka jira sati ɗaya ko biyu da haƙorin wucin gadi. Yanzu likita na zagaya bakin da wata 'yar kamara, hoton ya fito a kwamfuta, ya zana hular a nan, sai na'ura ta sassaƙo ta daga dunƙulen tangaran. Tsarin CEREC shi ya shahara, a Jami'ar Zurich Werner Mörmann da Marco Brandestini suka ƙirƙiro shi, an fara sa wa mutum a 1985, wato ba sabon abu ba ne kamar yadda masu talla ke nunawa.

To ainihin zaɓin a kan dunƙulen yake, ba na'urar ba. E.max na kamfanin Ivoclar tangaran ne mai gilas, haske na ratsa shi kamar haƙorin gaske, shi ya sa ya fi kyau a haƙoran gaba. Idan ka ga ya fito daga na'ura shuɗi-shuɗi kar ka tsorata, haka yake, sai an gasa shi a wuta wajen digiri 840 zuwa 850 na kamar minti 25 sannan ya yi fari ya yi ƙwari. Amma yana son a manne shi da gam na musamman a busasshen wuri, in ɓarnar ta nutse ƙarƙashin dasashi inda jini da yawu ba sa barin wuri ya bushe, manna shi wahala ne. Kuma ba a yin doguwar gada da shi a can wajen turame, wato jerin haƙoran tangaran da ake haɗawa don cike giɓi.

Zirkon kuwa, wani nau'in tangaran ɗin, shi ne ƙaton, mai ƙwarin ya ninka e.max wajen sau biyu, ana sassaƙa shi da laushi kamar alli kuma ya ɗan fi girman da ake so, don idan an gasa shi a wajen digiri 1500 yana tsukewa da kusan kashi 20 cikin ɗari. Turame, gada, mai cizon haƙora cikin barci, mai tauna ƙashin mandi da goro, duk nan ne wurinsa. Sai dai zirkon iri-iri ne fa, wanda ya fi ɗaukar haske ya fi kyau amma ƙarfinsa ya ragu, don haka in an ce maka zirkon ka ce wanne. Kuma in likita ya rage tsayinsa bayan an sa, lallai ya goge shi ya yi santsi, in ba haka ba zai dinga cinye haƙorin da ke cizonsa.

Mai ƙarfe a ciki, wato hular ƙarfe da aka lulluɓe da tangaran, tsohon yayi ne amma yana aiki kuma yawanci ya fi araha, aibinsa baƙin layi da kan fito a bakin dasashi bayan shekaru.

Maganar rana ɗaya kuwa, ga mai Umara ko alhaji da kwanakinsa a ƙirge suke wallahi rahama ce, allura ɗaya, zama ɗaya, ba haƙorin wucin gadi da zai fita a jirgi. Amma mazaunin nan mai iƙama da ke son gyara haƙorin gaba guda ɗaya, ni dai shawarata a kai ma'amal, don dunƙule launinsa kusan bai ɗaya ne, sai mai hannu ya zauna ya daidaita shi da maƙwabtansa. In shayi da gahawa sun rina maka haƙora kuma kana da niyyar wanke su, ka fara yin hakan kafin a zaɓi launi, tangaran ba ya ƙara fari daga baya.

Kafin ka biya ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da cire jijiya in ta kama, ko ta'amin ɗinka, wato inshora, zai ɗauka, damanin, wato garanti, shekara nawa ne, kuma a rubuta maka sunan dunƙulen a fatura, wato rasit, don likitan gida ya san me ke bakinka. Ƙanwata dai zirkon muka sa mata tunda turmi ne, na sa likitan ya zura zaren haƙori ta gefe biyu a gabana muka ga yana wucewa ba ya tsinkewa, ta ciza takarda sau uku ana ragewa ana gogewa, sannan na ciro kati.