Tsohuwar mota: a ci gaba da gyara ko a sayar?

Mutum na da tsohuwar Golf kullum tana gareji, yau giya gobe birki jibi kuma injin ya fara shan mai, zaɓi biyu ne gabansa.

Mai son ci gaba da gyara hujjarsa ɗaya ce, wai "ai na riga na narka mata kuɗi". To malam kuɗin nan sun tafi fa, ko ka riƙe ko ka sayar ba dawowa za su yi ba, amma zuciya ba ta yarda. Tun 1979 wasu masana halayyar ɗan Adam, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin ribar da ta kai ta yawa, daga baya ma suka kiyasta kusan ninki biyu ne. Har gwamnatoci abin na kama su, Ingila da Faransa haka suka yi ta zuba kuɗi a jirgin saman Concorde alhali sun ga ba zai mayar da kuɗinsa ba, a 2003 aka ajiye shi.

Shi ma mai sayarwa bai tsira ba wallahi, don kawai motarsa ce sai ya tsuga mata kuɗi, dillali ya taya ya ce an raina masa hankali, ta yi wata da watanni a ajiye. Ga wadda zai saya ita ma bai san ciwonta ba.

Ni dai na fi karkata ga sayarwa in gyaran ya zama na kowane wata, sai dai in bakanike mai amana ya ce aiki ɗaya ya rage kuma kuɗinsa bai kai cikon sayen wata ba.