Kamfanin da ya gwada mana ginshiƙan fandesho a Jidda

'Yan'uwa masu aikin gini a Saudiyya sun sha tambayata wa ya yi mana gwajin nauyi, wato ɗora wa ginshiƙin fandesho nauyi a ga yadda zai nutse, a aikinmu na arewacin Jidda. Ƙaramin kamfani ne, kuma na gamsu da su.

Ƙasar Jidda ba ta da tabbas. Dutsen murjani ne mai ramuka, ruwan gishiri kuma yana kusa da sama, shi ya sa ake haƙa rami mai zurfi a zuba rodi da kankare. Hasumiyar Jidda ma a kan irin waɗannan ginshiƙai take, wasu sun wuce mita 100 a ƙasa. Namu mita 24 ne, faɗinsa mita 1, an tsara shi ya ɗauki tan 400. Suka danna shi da jak har tan 600, kashi-kashi, bisa ƙa'idar irin wannan gwaji mai suna ASTM D1143.

Kafin su fara sai da suka kafa rumfa a kan ƙarfen da agogunan awo huɗu ke maƙale a jikinsa. Ranar Jidda tana miƙar da ƙarfe, agogo ya nuna nutsewar da ba a yi ba. Da yawa ba sa damuwa da wannan.

Ginshiƙin ya nutse milimita 9. Da aka sauke nauyi ya dawo da 5, saura 4. Ɗan kwangila na ganin haka ya ce, "Injiniya, rubuta mana cewa zai ɗauki tan 1,000, mu rage tsawon sauran." Injiniyan kamfanin, wani dattijo ɗan Sudan, ya shimfiɗa takardar zanen da ke nuna nauyi da nutsewar ginshiƙin a kan bonet ɗin mota, ya bi layin da yatsa, ya ce: "Alhaji, duba, layin bai ma fara lanƙwasa ba, wato ginshiƙin bai kusa gazawa ba. Abin da gwajin nan ya shaida tan 600 ne. Sama da haka hasashe ne, ni kuwa ba na sa hannu a kan hasashe."

A rahoton ya yi bayanin da ban taɓa samu a wani wuri ba. Ma'aunin Davisson na 1972, wanda ke faɗin nutsewar da za a ce ginshiƙi ya gaza, an yi shi ne don ginshiƙan da ake bugawa, yana tsaurarawa ga manya na haƙa. A namu iyakarsa kusan milimita 12 ce, ban da matsewar kankaren kansa, alhali masu bin kashi 5 cikin 100 na faɗin ginshiƙi sai a milimita 50 suke cewa ya gaza. Hanyar Chin kuwa, wadda ke hasashen iyakar ƙarfin ginshiƙi daga layin gwajin, in ba a kai ginshiƙi ga gazawa ba, takan ba shi ƙarfin da ba shi da shi.

Aibin kamfanin biyu ne. Akwai tsada, rahoto kuma ya makara har masu zuba kankare suka zauna jira, wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Duk wanda zai ɗauke su ya sa ranar miƙa rahoto a cikin yarjejeniya, ya kuma nemi takardar tantance jak da agogunan tun kafin a kawo kaya fili.