Motocin da na gani a kan jirgin ƙasa a Tanja

Maigida, da sauran yaran garejinmu na Suame Magazine a Kumasi, assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki. Lafiyata ƙalau, sai sanyin Tanja da ke shiga har ɓargo, ga gidajen haya ba abin ɗumama ɗaki. Kun dame ni da tambayar yaya Maroko take. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, shi zan ba ku.

Ranar wata Talata muka fita bayan gari ni da abokin aikina, ɗan ƙasar, za mu jawo wata mota da ta mutu a hanyar tashar jiragen ruwa ta Tanger Med. Muna cikin ɗaure ta sai ga jirgin ƙasa, taragunsa hawa biyu, sama da ƙasa duk sababbin motoci fil. Na fara ƙirga har lissafi ya kuɓuce mini. Na ce masa, "Ɗan'uwa, daga wace ƙasa aka shigo da waɗannan?" Ya yi dariya, ya ce in duba inda jirgin ya dosa. Teku ya nufa. A nan Melloussa ake ƙera su, a masana'antar Renault da aka buɗe a 2012, layin dogo ya kai su har bakin ruwa, daga nan sai Turai. Sai ya tambaye ni, kuma ba da mugun nufi ba, "Ku a Ghana wace mota kuke aika musu?"

Maigida, na ambaci Kantanka, motarmu ta gida, na ambaci Toyota da Volkswagen da ake harhaɗawa a Tema, na ce muna da koko da zinariya. Ya gyaɗa kai ya koma kan igiyarsa. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Abin da ya ci mini rai shi ne na san hannunmu ya fi nasu. Wallahi a garejin da nake, in giyabos ya ba da matsala sai a ce a sayo sabo. Da na kwance wani na gyara shi kamar yadda ka koya mini, tsayawa suka yi suna kallona. Mu da ke tayar da tirelar da Bature ya jefar, mu sake mata rai ta kai Bawku ta dawo. Amma iyakarmu ke nan, gyaran abin da wani ya ƙera ya gaji da shi. Wa zai kafa babbar masana'anta a Kumasi alhali duk ƙarfen da zai shigo sai ya bi Nsawam da Nkawkaw da Konongo a bayan tirela? Tashar kaya ta Boankra kuwa, tun ina ƙaramin yaro nake jin labarinta.

Kuma mu ma da jirginmu fa. Dogo ya iso Kumasi daga Sekondi tun 1903, na Accra ya haɗe a 1923. Maroko ta samu 'yanci a 1956, mu a 1957, shekara ɗaya tak tsakani. Su sun riƙe nasu sun ƙara. A 2018 suka buɗe Al Boraq, sunan Buraƙa suka ba shi, yana gudun kilomita 320 a awa. Na shiga shi sau ɗaya daga Tanja zuwa Kasabalanka, awa biyu da minti goma, tafiyar da ta fi Kumasi zuwa Accra nisa. Shayin da na ajiye a gabana ko girgiza bai yi ba. Na tuna ranar da muka rako Inna asibiti a Accra, awa shida a mota tana amai.

Kada mu ce gwamnati kawai. Su wa suka baza tumatir da gwanjo a kan dogo a gefen Kejetia? Su wa ke kwance ƙarfen layi da daddare, su wa ke saye a kan sikeli? Wasu a cikin masu sayen nan 'yan Zongo ne, sahu ɗaya muke tsayawa da su a masallaci, ba wanda ya taɓa ce musu kanzil. Ga 'yan galamsey, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, suna haƙa har ƙarƙashin layin dogo na Yamma. An buɗe sabon layin Tema zuwa Mpakadan a 2024, kilomita 97. Ina roƙon Allah kada a wayi gari wani ya kafa kiyos a kansa.

Kada kuma ku ɗauka nan aljanna ce. Mai tasi zai gan ka baƙi ya wuce, ko ya ƙi kunna mita. In ka doso arewa a bas, kai za a fara tambaya takarda. Ba mate, wato yaron mota, da zai ce ka hau ka biya gobe don ya san gidanku. Kuskus na ranar Juma'a yana da daɗi, amma zan ba da kwano goma a kan koko da ƙosai na Aboabo bayan sallar asuba.

Na ɗauki hoton jirgin nan, zan turo wa ƙaramin yaronka ya nuna maka a wayarsa. In akwai mai tahowa nan kusa, a ba shi shito da yajin tsire ya kawo mini. A gaida Hajiya.